Sana'ar zagayawa da baƙi a Siri Lanka: kilomita ba ta faɗin gaskiyar hanya

Kamfaninmu ƙarami ne, motoci biyu masu kujera tara da direbobi uku a Kolombo. Aikinmu ɗauko baƙo daga filin jirgin Bandaranaike da ke Katunayake, mu tsara masa kwana da abinci da hanya har ranar komawarsa. Yawancin masu zuwa mana 'yan kasuwa ne daga Najeriya da Nijar, masu neman ganyen shayi ko duwatsu masu daraja, sai su ƙara kwana huɗu ko biyar don buɗe ido. Mai fasfo na Najeriya ya gama maganar biza tun yana gida, ya kuma riƙo katin allurar shawara, don ana tambayarsa.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne taswira. Duk tsibirin bai kai faɗin jihar Neja ba, saboda haka baƙo yana kallo sai ya ce a haɗa masa Kandi da Sigiriya da Gale a yini biyu. Daga Kolombo zuwa Gale kusan kilomita 120 ne, kuma tun da aka buɗe babbar hanyar kudu a 2011 ba ta wuce awa biyu. Zuwa Kandi ma kusan tsawon ke nan, amma tsohuwar hanyar tana cin awa uku da rabi zuwa huɗu, saboda ƙunci da hawa da bas-bas masu tsayawa ko'ina. A yankin tsaunuka muna lissafin kilomita 30 zuwa 35 a awa ɗaya. Wanda ya tsara tafiya da lissafin hanyar Kano zuwa Zariya, dare zai riske shi a kan kwana cikin hazo. Direba ba ya wuce awa biyar a kan sitiyari a yini, kuma duk motar da ta sauko daga Nuwara Eliya, wani gari da ke kan tsauni, sai an duba mata birki, domin gangaren yana ƙona shi idan ba a sauko da ƙaramar giya ba. Mai jiri a mota muna ba shi kujerar gaba da ɗanyar citta.

Damina biyu ce a nan. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana dukan kudu maso yamma da tsaunuka, lokacin sai mu karkata baƙi gabas, wajen Tirinkomali. Daga Disamba zuwa Maris kuwa gaɓar Gale ce ke da daɗi. Nuwara Eliya ta haura mita 1,800 a sama, sanyinta da dare ya fi na hunturun Jos, don haka rigar sanyi tana cikin abin da muke rubuta wa baƙo ya taho da shi.

Jirgin ƙasa daga Kandi zuwa Ella shi ne abin da kowa ke tambaya. Awa shida zuwa bakwai ne cikin gonakin shayi, ta Hatton da Nanu Oya da Haputale. Kujerun da ake kamawa ana buɗe sayar da su kwana 30 kafin tafiya, kuma nan da nan suke ƙarewa. Tarago mai sanyi tagarsa a rufe take, mai son hoto gara ya shiga aji na biyu. Ba ma ɗora baƙo da jakunkuna: mota tana wucewa da kayan ta jira shi a tasha. Idan ruwa ya yi yawa ƙasa tana zaftarewa ta rufe layin, shi ya sa ba ma sa wannan tafiya ana gobe tashin jirgin sama.

Abinci kuwa sai an zauna an yi bayani. Shinkafa da miya iri huɗu ko biyar ita ce ta rana, kusan duka da madarar kwakwa. Akwai ɗan haɗin da ake kira pol sambol, kwakwa gogaggiya da barkono da lemun tsami da garin busasshen kifi. Bahaushe ya saba da yaji, amma wannan barkonon ɗanye ne, cokali ɗaya ya isa a ranar farko. Da magariba za ka ji ƙarar ƙarfe kamar maƙera, mai kottu ne yake sara gurasa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi da wuƙaƙe biyu, yana haɗa ta da ƙwai da kabeji da nama da romo, cikin minti biyar ya tura maka a faranti tana tururi. Appa kuma 'yar uwar sinasir ce, ƙullun shinkafa da madarar kwakwa a ƙaramar tanda mai zurfi, gefe ƙayau tsakiya laushi. A nan muke tambaya, domin a gargajiyance wasu da bammi suke tayar da ƙullun maimakon yis. Haka ma lamprais, shinkafar da ake gasawa cikin ganyen ayaba, asalinta akwai naman alade a ciki. Musulmi kusan kashi goma cikin ɗari ne na ƙasar, saboda haka nama muna kai baƙo gidajen abincinsu, musamman layin Aluthkade da ke Kolombo da dare, a rufe da watalappan, wanda ake yi da ƙwai da madarar kwakwa da mazarƙwailar dabinon kitul. Ruwa na gora kawai, ko jar kwakwar nan tambili a fasa a gabanka.

Duk ranar da wata ya cika, wato Poya, hutu ne na ƙasa. Bankuna a rufe, mahauta ba sa sayar da nama, wuraren ibadar mabiya Buda a cike. Mukan duba wannan ranar kafin komai. A haikalin Kandi ana cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa mutum-mutumin Buda baya don ɗaukar hoto. Muna faɗa tun a mota, wanda bai ga damar shiga ba ya zagaya bakin tafki. Sigiriya, dutsen da sarki Kashiyapa ya gina fada a kansa a ƙarni na biyar, matakalarsa kusan 1,200 ce. Ana hawa da sassafe, a kuma rage hayaniya, don akwai gidajen rina a jikin dutsen.

A cikin Kolombo mota ba ta da amfani a kasuwar Pettah. Muna ajiye ta, a taka da ƙafa zuwa Jan Masallaci da aka kammala a 1909, mai zanen ja da fari. Adaidaita sahu a shiga mai mita, ko a kira ta manhajar PickMe. Wanda ya ce zai kai ka kyauta, shagon duwatsu ko lambun kayan ƙamshi zai sauke ka, kamashonsa yana cikin kuɗin da za ka biya. Mu direbobinmu albashi muke ba su da kuɗin kwana, kuma mun rubuta musu cewa babu tsayawa a shagon da baƙo bai nema ba. Mai sayen dutse muna kai shi kasuwar Beruwala da safe, kada ya biya sai an gwada dutsen a ɗakin gwaji an ba shi takarda.