Ashe ba olsa ba ce

Alhamdulillahi, yau na haɗiye loma ba sai da na kora da ruwa ba. Na daɗe abinci yana tsaya mini a ƙirji, cikin dare ya dawo baki, har na rame. Maganin olsa kawai ake ta ba ni.

Da na sha farin ruwan bariyom aka ɗauki hoto, sai ga ƙasan bututun abincin ya tsuke kamar bakin tsuntsu. Gwajin manometiri, wato auna yadda bututun ke matsewa, ya tabbatar akaleshiya ce: jijiyoyin wurin sun lalace, ƙofar shiga ciki ba ta saki. Wasu da balan-balan ake buɗe musu, ni ta baki aka bi aka tsaga tsokar ƙofar, aikin da ake kira POEM. Ƙwannafi kan taso mini yanzu, amma ina kan magani.