Tulin baƙar ƙasar da sufeto ya hana mu taɓawa

Lokacin da na fara aiki a wurin fasa dutse ba abin da na tsana irin ranar da jami'an sa ido za su zo. Tun da asuba oga zai fara ihu a fito da tankar ruwa a jiƙa hanya, kowa ya saka hular kwano, a nemo fayil ɗin da rabon da a buɗe shi tun zuwansu na baya. Ni a tunanina duk wasan kwaikwayo ne, su zo su sa hannu su tafi mu ci gaba da cika tifa da tsakuwa.

Akwai wani dattijon sufeto da ya sauya min wannan tunanin, kuma ba da wa'azi ba. Shi ko kallon fayil bai cika yi ba. Yana sauka daga mota sai ya nufi bayan fili inda muka tara ƙasar saman da katafila ta kankare kafin a kai ga dutse. Ran nan ya tarar mun tula ta ta yi tsayin bene, mun haɗa ta da jar ƙasa da ɓaraguzai, kuma tifofi sun mai da gefenta hanya. Ya tsuguna ya ɗebo da hannu ya shinshina, sai ya miƙo min ya ce "samari shinshina ka ji". Warin ruɓa take kamar kwata. Na ce ranka ya daɗe ai ƙasa ce kawai, in mun gama sai mu mayar. Ya ce me za ka mayar, ai kun riga kun kashe ta.

Wallahi a lokacin na ɗauka neman magana yake. Daga baya na gane ƙasar sama abu ce mai rai, akwai irin ciyawa a cikinta da tsutsar tana da kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma iska suke buƙata, in ka tula ta da tsayi sosai na cikin sai su shaƙe su mutu, in mota ta bi ta kai ta danne ta shi ke nan ta zama kamar bulo. Shi ya sa ake cewa a ajiye ta daban, kar ta wuce kamar mita 2, a shuka mata ciyawa dan kar ruwa ya wanke ta. Abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru, mu katafila ta kwashe shi a yini guda, sannan muna masa kallon shara.

Ya rubuta mana takardar gargaɗi, muka kwashe sati biyu muna baje tulin nan muna gunaguni.

To sai da muka zo gyaran ɓangaren farko da aka gama cin dutsensa sannan na ga bambancin da idona. Gefe ɗaya muka shimfiɗa tsohuwar ƙasar da muka lalata, ɗaya gefen kuma wadda aka adana yadda ya ce. Ruwan farko da na biyu, gefen ƙasar da aka adana ya yi kore shar ba tare da mun watsa iri mai yawa ba, na wadda muka lalata kuwa sai tsagewa yake ruwa na yanka shi yana kwasar laka zuwa ramin tace ruwa. Sai da muka sa katafila ta farfasa ƙasan da haƙoranta na baya, muka zuba taki, muka shuka dangin wake masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, kafin ya fara nuna alama. Kuɗin da aka kashe a nan ya fi na baje tulin nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da na koya shi ne maganar kuɗin jingina. A ƙasashe da yawa kafin a ba kamfani lasisi sai ya ajiye kuɗi ko takardar lamunin banki, ba za a sake masa ba sai ya gyara wurin. Da ina ganin zalunci ne. Amma ka duba, ranar da dutse ya ƙare ranar ce kuɗi ya daina shigowa, wa zai ɗauko na aljihunsa ya cike rami? In jinginar ba ta kai kuɗin gyaran ba kamfani sai ya yi lissafi ya ga gara ya bar ta ya gudu, a bar mutane da rami mai bango a tsaye da ruwa mai zurfi mai sanyi, yara su je wanka a rasa su. Ni yanzu ra'ayina a riƙa gyara ana cin dutse, ɓangare ɓangare, tun injina da ma'aikata suna wurin, a riƙa sakin jinginar kaɗan kaɗan.

Sauran abubuwan kuwa, jiniya kafin a tashi nakiya, na'urar auna girgiza a kusa da gidajen maƙwabta, fesa ruwa a bakin injin niƙa, waɗannan ba wanda ke musu a kansu sai malalaci. Ƙurar dutse mai ƙyalli ɗin nan in ta shiga huhu ba ta fita, tabo take yi kuma ba a warkewa. Tulin ɓaraguzai ma ba abin wasa ba ne, a Aberfan ta yankin Wales a 1966 tulin sharar ma'adinin kwal ya jiƙe ya zame kan makaranta, mutum 144 suka mutu, 116 yara ne. Bayan nan ne Birtaniya ta yi dokar kula da irin waɗannan tulin a 1969.

Gaskiya ba duk mai sa ido ne irin dattijon nan ba, na ga waɗanda a ofis suke ƙarewa su sha ruwan sanyi su sa hannu, takalminsu ko ƙura bai taɓa ba. Rahoton irinsu kullum tsaf yake.

Wani abu da nake yawan tunawa shi ne aikin wani masanin noma mai suna René Haller a Mombasa ta Kenya, inda aka haƙe dutsen siminti aka bar fili fayau ba ƙasar sama ko kaɗan. Daga 1971 ya fara gwada itatuwa, kaɗan ne suka rayu, cikinsu har da wani itace da ake kira kasuwarina, sai ya kawo ƙadandoniya suna cin ganyen da ya zubo suna kasayar da taki, a hankali ƙasa ta taru har wurin ya zama daji. Shekaru ya yi yana ƙera abin da mu muka samu kyauta muka bar tifa tana takawa.

Yanzu in aka kawo sabon direban katafila, kafin in nuna masa inda dutse yake bayan fili nake fara kai shi. Mun kafa turaku mun ja igiya kewaye da tulin, ciyawa ta rufe shi, sai in ɗebo a hannu in ce ya shinshina. Yawancinsu kallon mahaukaci suke min.