Igiyar da ban kwance ba

Ƙannena matasa, musamman ku da kuka fara tara 'yan dabbobi a garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja, ina so in ba ku labarin ɓarnar da na yi wa kaina a daminar 2022, shekarar da ambaliya ta hallaka mutum sama da 600 a Nijeriya, ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Auyo, kuma a lokacin ina da awaki bakwai, tumaki huɗu, shanun huɗa biyu, da kajin da ban taɓa ƙirga su ba.

Ruwan yankinmu ba ya zuwa bagatatan. Daga ƙasar Kano yake gangarowa, kuma idan madatsun Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso mana, inda yake tarar da ciyawar kachala ta toshe masa hanya, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. An yi gargaɗi a rediyo, samari sun yi ta cika buhuna da ƙasa suna ƙara tsawon jinga, wani dattijo maƙwabcina kuma ya kora dabbobinsa zuwa gidan surukansa da ke kan tudu tun ana sauran mako guda. Na yi masa dariya a zuci, domin a 2020 ruwan a bayan masallaci ya tsaya, ni kuwa na ɗauka ya yi mana alkawarin nan ce iyakarsa.

Bayan tsakar dare jingar ta ɓalle. Na fitar da mahaifiyata da iyalina, na ɗaura wa shanu amalanke, ruwa yana dukan gwiwa. A bakin zaure mahaifiyata ta tsaya ta ce, "Ka kwance dabbobin nan kafin mu tafi." Na ce, "Inna, in na sake su ɓarayi za su kwashe, da asuba zan dawo." Ban samu dawowa ba sai bayan kwana uku, a cikin kwalekwale. Na tarar da awaki biyar da tumakin nan huɗu a mace, kowace da igiya a ƙafa, a jikin turken da ni na kafa da hannuna. 'Yan awaki biyu da ban ɗaure ba, saboda na raina su, suna tsaye a kan tarin itacen girki suna kuka. Har yau idan na tuna, na san ba ruwa ne kaɗai ya kashe su ba. Akuya tana iya hawa, saniya tana iya iyo, amma dabbar da ke turke ba ta da wata dabara. Don haka idan har ruwa ya rutsa ku, ku kwance kowace igiya, ku buɗe garke da akurki, ku saki kare idan kuna da na gadi. Wanda aka sace wa akuya yana iya cigiya. Kyanwar gidanmu, wadda babu wanda ya tuna da ita, a kan azara na same ta lafiya lau.

Sakin dabba kuwa dabarar wanda ya makara ce. Abin da ya kamata in yi shi ne abin da dattijon nan ya yi, domin ba a fafa gora ranar tafiya. Tun watan Yuli mutum zai nemi wurin da zai kai dabbobinsa, ya yi magana da mai wurin, ya san hanyar da ba ta yankewa da wuri, sannan ya fara kai harawa da dusa can. Ni harawata da buhunan dusata a ƙasa suke cikin ɗaki, suka jiƙe suka ruɓe, rumbun ma gindinsa ya sha ruwa ya zauna. Shanun da na tsirar sai ga su a tudu babu abin ci, dole na sayar da ɗaya a farashin da nake jin kunyar faɗa, saboda dillalai sun san halin da muke ciki. Da na rage garken tun farkon damina, da kuɗin yana aljihuna.

Takardu ba su da wahalar tsarewa. Katin ɗan ƙasa, takardar gona da shaidar makaranta a sa su a leda, a sa ledar a bokiti mai murfi, a rataye shi kusa da ƙofa tare da tocila da maganin da wani a gidan yake sha kullum.

Kuskurena na ƙarshe bayan janyewar ruwa ne. Na ga ciyawa ta yi kore shar a fadama, na saki san da ya rage yana kiwo cikin taɓo, bayan 'yan watanni ya fara ramewa, ƙasan haɓarsa ya kumbura. Likitan dabbobi ya ce ciwon hanta ne, wanda tsutsarsa take rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na wuraren da ruwa ya kwanta, ya kuma nuna mini yadda dogon tsayi a laka ya fara ruɓar da kofatonsa. A ba dabba maganin tsutsa bisa shawarar likita, a tsayar da ita a busasshen wuri, a binne mushe da zurfi nesa da rijiya. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuma ta haɗu da abin da ya fito daga masai, kada a sha ruwanta sai an tafasa. Ku kuma lura da macizai lokacin kwashe tarkace, domin su ma tudun da kuka nema shi suka nema.

Yanzu akwai wuƙa a rataye a ƙusar zaurena daga Yuli har Oktoba, kowane yaro a gidan ya san ta yanke igiya ce, kuma da zarar an ce ruwa ya wuce garin Ringim, inda yake bi kafin ya iso mana, dabbobina suna kan hanyar tudu a ranar.