Daga gonar rake zuwa duwatsun murjani: kwana tara a Kwinsland

Shekaranjiya na dawo daga jihar Kwinsland ta Ostireliya, har yanzu barci bai koma mini daidai ba, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Tun a filin jirgi Ostireliya ta nuna mini halinta. Wani jami'i ya ɗaga takalmina na aiki da yatsu biyu kamar ya ɗauki mushe, ya ga ɗan taɓon da ya bushe a ƙasansa, ya ɗaure fuska tamau. Ko sannu da zuwa babu. Aka tafi da takalmin, aka wanko shi, aka miƙo mini yana ɗiga. Wai ba a shigo musu da ƙasar wani wuri, gudun cutar tsirrai da ta dabbobi. Dokar tana da hujja, amma ai ana iya faɗa wa baƙo da sakin fuska.

Daga Townsville muka yi kudu a mota zuwa Ayr, bakin kogin Burdekin. Rake ne iya ganinka. Da magariba na hango wuta ta tashi sama kamar gari ya kama, har na fara salati, sai direba ya kwashe da dariya: a nan har yanzu ana ƙona rake kafin a yanka. Can arewa, wajen Cairns, yawanci ɗanye ake yanka shi, a bar ganyen ya rufe ƙasa don kada ruwa ya kwashe ta.

Mai masaukina wani dattijo ne manomin rake, kakansa daga Italiya ya zo. Ya hana ni biyan ko sisi, ya kuma tashe ni da asuba mu zaga gona. Abin da ya fi ɗaukar hankalina takinsa ne. Ba ya watsa yuriya a sarari yadda muka saba gani a wajenmu. Injin ne ke tsaga kunya, ya zuba takin a ciki, ya rufe. Kafin nan an auna ƙasar kowane fegi, an rubuta adadin da ya kamata a sa. A ƙarshen gonar kuma ya haƙa wani babban kududdufi, duk ruwan ban-ruwa da ya malalo nan yake taruwa, famfo ya mayar da shi gona. Na sa hannu a ciki, ruwan ɗumi-ɗumi, launin shayi da madara. Ya ce, "Ɗana, kuɗina ne ka taɓa. In na bar shi ya bi kogi, taki na saya wa teku."

Kada ka ɗauka yana yabon gwamnati. Majalisar Kwinsland ta tsaurara dokar kare duwatsun murjani a 2019, kuma dole manomi ya ajiye bayanin takin da ya zuba, shi kuwa dattijo takardun nan sun ishe shi. Ya yi ta mita har shayinmu ya huce, wai mutanen birni ba su san kan gona ba sai ɗora laifi. Duk da haka littafin nasa tsaf yake, ya fi na wani akawun.

Sai da na shiga teku na gane abin da ake gudu. Kuɗin jirgin ruwan ya haura dala 200 ta Ostireliya, na biya ina cije leɓe, ga ruwan sha ma da tsadar tsiya. Jerin duwatsun murjanin nan, Great Barrier Reef, ya kai kilomita 2,300, tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Murjani dabba ce, tana rayuwa da wasu ƙananan tsirrai a jikinta masu buƙatar hasken rana. In kogi ya kwararo laka, ruwa ya dagule, haske ya ragu, lakar ta kwanta a kan 'ya'yan murjanin. Naitirojin na taki kuma yana haɓaka gansakuka, kuma masana da yawa na ganin shi ke ƙosar da tsutsar wani tauraron teku, dabba mai ƙaya da siffar tauraro, da ke cinye murjani. Na ga guda ɗaya, faɗinsa kamar faifai, ya bar farin tabo a inda ya ci. Binciken AIMS, cibiyar nazarin teku ta Ostireliya, na 2012 ya ce rabin murjanin ya salwanta cikin shekara 27, kuma kashi 42 cikin ɗari na asarar aikin wannan halitta ne. Matar da ke mana jagora ta ce zafin teku ne babban bala'in, ya ƙoɗar da murjani a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024, amma wanda ke cikin ruwa mai tsabta ya fi saurin farfaɗowa.

Lakar kuwa galibi daga makiyayar shanu take, can cikin ƙasa. Mun je mun ga wani kwazazzabo da zaizaya ta ci, an daddale shi, an jera duwatsu, an shuka ciyawa, an katange shanu. Rana ta yi zafi, ban daɗe ba.

Cairns kwana biyu na yi, ruwan sama ya hana ni fita. A hanyar dawowa na wanke takalmin da kaina, ba wanda ya ko dube shi.