Baƙar wayar da ta cinye mini fiyus uku

Honda CG125 ɗin Baba ta shekara goma sha a zaure, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ƙirar farko ce ta wannan babur, irin wadda aka fara fitarwa a 1975, mai batir bolt 6. Da na ɗauko gyaranta na yi niyyar ba zan sa mata komai ba sai nata na asali. Injin bai wahalar da ni ba. Wayoyi ne suka sa na yi gumi.

Da na kwance fitilar gaba, sai ga wayoyi cunkus kamar sheƙar ɓera, rabi an naɗe da salatif. Ni kuma da karambani na ɗauka baƙar waya ita ce ke komawa jikin firam, tunda haka na saba gani a Yamaha ɗin wana. Na ɗaure ta, na murɗa makulli, fiyus ya yi ɗas. Na sake, ya sake. A na uku ne tsohon bakaniken unguwarmu ya leƙo ya ce, "Yaro, wannan Honda ce. Nemi kore."

A wurinsa na koyi karatun. A Honda koriyar waya ce ta firam, ja daga batir take, baƙa kuwa ita ke ɗauko wuta bayan an kunna makulli. Ruwan lemo sigina ta hagu, shuɗi mai haske ta dama, ruwan ƙasa fitilar baya, kore mai ratsin ɗorawa fitilar birki. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya da wannan ido, sai na ga inda aka yi wa babur ɗin ƙari. Wayar asali ta ƙame, launinta ya kwanta amma ratsinta na nan sarai, kuma kowane baki yana cikin ƴar rigar roba da ta koma kalar shayi. Ta ƙari kuwa sheƙi take, tagullar cikinta ƴar siririya, an murɗe ta da hannu kawai.

Sai agogon gudu. Wani mai kayan babur ya miƙo mini ɗaya fes a kwali, yana rantsuwa na kamfani ne. Saura ƙiris in biya, don ido na son ƙyalli. Nauyinsa ne ya fara sa ni shakka, kamar gwangwanin madara wofi. Tsohon bakaniken nan ya ce in nemi sunan Nippon Seiki, su ne suka yi wa Honda agoguna da yawa a lokacin. Babu shi ko'ina. Na asalin sai wajen ƴan gwangwan na samu, gilashin ya yi hazo, allurar ta koɗe, zoben ƙarfen bakinsa a danne yake sumul babu alamar an taɓa ɓanɓare shi da sukudireba.

Murfin fitilun ma haka, sunan Stanley na rubuce a jikin na asali.

Yanzu kafin in cire kowace waya sai na ɗauki hotonta. Fitilar firi dai, mai nuna babur ba ya cikin giya, har yau sai ta ga dama take kamawa, ina zargin wayar nan kore mai haske da ratsin ja, kuma Asabar mai zuwa zan bi ta har injin.