Alhamis, ranar saƙa

Gusau, bayan sallar isha'i.

Hazo ya sauka tun asuba, sanyi har cikin ƙashi, amma ƙarfe tara ba ta yi ba sai ga sallama a ƙofar gida. Alhamis muke haɗuwa da ɗalibaina masu koyon saƙa saboda babu Islamiyya. Mata suna tsakar gida tare da ni, maza suna zaure wurin Baba, tsohon masaƙin unguwarmu da ya yarda ya riƙa ba mu safiyarsa. Duk manya ne, akwai ma mai furfura. Allah ya yi su da jinkirin fahimta: abin da wani zai kama a zama ɗaya, su sai an yi ta maimaitawa, wasu kuma magana da ƙyar take fita. Ba taɓin hankali ba ne, ko da yake har gobe akwai gidajen da ke yawon neman maganin aljanu a kansu.

Ba a masaƙar gargajiya muke farawa ba. Kafinta ya haɗa mana katakai masu kusurwa huɗu, ya jera ƙusoshi sama da ƙasa. Tun daren Laraba nake jan zaren tsaye, fari ɗaya baƙi ɗaya har ƙarshe, don kada wani ya sha wahalar ƙirga. A tafiya "ɗaga fari, wuce", a dawowa "ɗaga baƙi, wuce". Abin ratsawa kuwa guntayen atamfa da shadda ne da teloli ke tara mana a buhu, mu yayyaga su faɗin yatsa. Sun fi zare kauri, hannu yana iya kama su, kuma aikin yana tashi da sauri, mutum ya ga abinsa na girma kafin hankalinsa ya koma wani wuri.

Abin da ya hana ni kwanciya ban rubuta ba shi ne autar ajinmu. Daga ƙasar Anka suka taso, rashin tsaro ya koro su Gusau. Mahaifiyarta ta ce tana 'yar shekara huɗu lokacin gubar dalma ta 2010, sa'ad da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu. Ita ta rayu, an ba ta magani. Sai dai maganin fitar da dalma yake yi daga jiki, ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Waɗannan yaran yau sun zama samari da 'yan mata, ba na jin ana tambayar ina suke.

Tun da ta fara zuwa, hannunta a cinya yake sai an miƙa mata ƙyalle. Yau na zazzage buhun a kan tabarma kamar kullum. Uwar ta kai hannu ta ɗauko shuɗi, don shuɗi ne a ƙasan saƙar. Yarinyar ta ture hannun a hankali, ta tona tarin, ta zaro wani mai ruwan goro da ɗigon kore.

"A'a, Inna. Wanga."

Uwar ta dube ni. "Malama, wanga bai shiga da wancan ba, ɓata shi za ta yi."

Na ce, "Inna, ku bar ta, nata ne."

Ta ciza leɓe, ta sa ɗan yatsa ƙarƙashin farin zare ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe, ta ɗauki matsefi ta danna. Ta tsallake zare biyu a tsakiya. Tana kuma ja da ƙarfi, shi ya sa gefunan suka shigo ciki, saƙar ta yi ƙugu. Da ƙyallen ya ƙare, ba ta dubi kowa ba ta sake tona tarin. Har aka kira azahar ba ta ɗago ba, kunun da aka kawo ma sai da ya huce.

Da za su tafi uwar ta ja ni gefe, wai in ba ta katakon ta je gida ta warware da dare ta daidaita, kada mutane su gani su yi dariya. Na san soyayya ce ta sa ta faɗa, shekara da shekaru tana kare ɗiyarta daga bakin mutane. Amma na hana. Wadda aka zaɓa wa zanen da za ta ɗaura, da abin da za ta ci, da lokacin da za ta leƙa waje tun tana ƙarama, ranar da ta ce "wanga" da bakinta bai kamata ta wayi gari ta tarar an gyara mata ba. Saƙar kowa a nan take kwana har mai ita ta ce ta gama.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Osaka ta ƙasar Jafan, wata mata mai suna Misao Jo ta kama saƙa bayan ta haura shekara 50 da haihuwa, a ƙarshen shekarun 1960. Zare ɗaya ya ɓace mata a tsaye, masu sana'a suka ce aibi ne, ita ta ga kyau. Daga nan salon saƙar da ake kira Saori ya samo asali, kuma ana koyar da shi ga masu larura irin ta ɗalibaina a ƙasashe da dama.

Baba bai gamsu da wannan ba, kuma ba ya ɓoyewa. Yau ma sai da ya ce, "Ɗiyata, saƙa tana da ƙa'ida. Ƙwaryar saƙar da bakinta ya karkace, wane maɗinki zai haɗa ta?" A sawaye da luru gaskiyarsa ce, ban musa ba. Kuma yau ya nuna mini hanyarsa tana da nata mutanen. Akwai wani a cikin mazan mai larurar da likitoci ke kira Down, mutum ne mai son komai a jere, ko takalman bakin zaure sai ya daidaita su. Baba ya ɗora shi a kan masaƙarsa ta gaske, wadda ko jikokinsa ba sa taɓawa. Ya riƙe masa ƙafa yana nuna masa taku, dama, jefa ƙoshiya mai ɗauke da zaren ratsawa, buga, hagu, jefa, buga. Iskar hunturu ta busar da zaren, ya tsinke, Baba ya ƙulla ba tare da ya ce uffan ba. Da aka naɗe abin da ya saƙa, kunkuru, wato abin da ake ɗora wa dutse don ya riƙe zaren tsaye a miƙe, ya jawo dutsensa ya matso, sai mutumin nan ya fashe da dariya har muna ji daga ciki. Bugunsa daidai yake ƙwarai. Shi tsari ne ke faranta masa, ita auta launi.

Da yamma yayan ɗaya daga cikin matan ya zo ɗaukarta, ya tambaya yaushe za a fara sayarwa. Tambaya ce ta hankali a wannan tsadar rayuwa. Na ce masa wanda aka gama, in mai shi ya yarda, ana ɗinka jaka ko rigar matashi, kuɗin kuma a tafin hannunta za a sa. Amma ba zan mayar da wurin nan masana'anta ba, domin ranar da aka fara cewa "yi irin wanda ake saye", zaɓi ya sake fita daga hannunsu.

Abin yana ci mini rai. Tun watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Makafi suna da sarkinsu, guragu da kurame suna da ƙungiyoyi masu magana da yawunsu. Nawa ɗaliban ba su iya zuwa taro su riƙe makirufo, a ƙuryar ɗaki ake barin su in an yi baƙi. Ko kayan koyon sana'a ake rabo, ba a cika tunawa da su ba.

Asabar zan zaga wurin teloli, buhun ya yi ƙasa. Sannan kafinta ya yi wa katako ɗaya ƙafafu, saboda babbar cikin matan bayanta ba ya jure duƙawa. Baba kuma ya ce a nemo masa ƙoshiya ƙarama, tasa ta yi wa ɗalibinsa nauyi.