Mako na shida: tango a kan jita, da ciwon bugu na huɗu

'Yan uwa masu koyo, wannan makon mun tsaya a kan abu ɗaya, wato yadda Al Di Meola yake ɗora kiɗan Astor Piazzolla, makaɗin tango ɗan Ajantina, a kan jita mara lantarki. Di Meola ɗan Amurka ne, ya yi suna da jitar lantarki tun da ya shiga ƙungiyar Chick Corea, makaɗin piyano, a 1974, daga baya ya karkata ga tangon Ajantina, har ya fitar da kundin kiɗan Piazzolla a 1996. Abin da ya shafe mu shi ne hannunsa na dama. Da ɗan robar kaɗawa yake bugawa ko a tsirkiyar nailan, sama da ƙasa bi da bi, ba ya tsallake.

A nan matsalar take. Ƙashin bayan kiɗan Piazzolla shi ne raba bugu takwas zuwa uku, uku, biyu. Nauyi yana sauka a kan na 1, na 4 da na 7. In kana kaɗawa ƙasa, sama, ƙasa, sama, to na 1 da na 7 suna zuwa da hannu yana sauka, na 4 kuwa yana zuwa da hannu yana hawa. Hawan hannu ba shi da ƙarfi a wurin mai koyo, sai na 4 ya nutse, kiɗan ya kwanta, ka ji ba tango ba ne. Da yawa sukan yi dabara su sauko da hannu sau biyu a jere. Ku bar wannan dabarar, domin da gudu ya ƙaru za ta sarƙe ku.

Ga abin da ya yi mana aiki. A sa metironom, na'urar da ke ƙirga bugu, a kan 60 a minti. A riƙe tsirkiya ta biyar a sake, sautin A ke nan, wanda Libertango, waƙar Piazzolla ta 1974, take zaune a kansa yayin da sautukan sama suke canzawa. A yi minti goma ana ƙarfafa na 4 kaɗai, sauran bakwai a raɗa. Ƙarfin ya fito daga wuyan hannu, kada a ɗaga gwiwar hannu. Sai an yi zagaye takwas ba tuntuɓe sannan a ƙara 4 a kan metironom. Yawancinmu a wajen 84 muke makalewa, kuma dalilin kusan kullum matse robar ne da yawa har babban yatsa ya yi fari.

Sai danne tsirkiya da gefen tafin hannu, abin da ke ba kiɗan Di Meola wannan sauti mai kauri, gajere. Gefen tafin ya zauna daidai kan jakin jita, inda tsirkiyoyi suka hau. In ya matsa gaba da faɗin yatsa ɗaya, sautin ya mutu, sai "tuf-tuf" kawai. In ya koma baya, tsirkiya ta yi ta amo tana cinye bugu na gaba. A nailan kuma a ɗan karkata robar, don in ta faɗa a kwance tana yin ƙara kamar ana kankare tukunya.

Akwai abin da 'yan tango suke kira arrastre, jan sauti daga ƙasa zuwa kan bugu na 1. A tsirkiya ta shida, a fara daga gaɓa ta 4 ta wuyan jita a kan bugu na 8, a zame zuwa gaɓa ta 5, a yanke nan take. In ba a yanke ba, nauyin ya watse.

Waƙoƙi masu sanyi irin Oblivion mun ajiye su sai mako mai zuwa. Bandoniyan, kayan kiɗan Piazzolla da ake ja ana matsewa tana hura iska, tana iya riƙe sauti tana ƙara masa ƙarfi, jita kuwa da an kaɗa sautin ya fara mutuwa, don haka sai hannun hagu ya fara koyon girgiza tsirkiya tukuna.